Garantin Wata Shida: Mene Ne Muke Saya?



Watan jiya, bayan sallar isha'i, ina shirin rufe masallaci sai mutum biyu suka tsaya mini da ƙara. Dukansu a bayana suke salla ranar da babban liman ba ya nan. Ɗaya dattijo ne sa'ana, katako yake sayarwa a Dei-Dei. Ɗayan matashi ne da na sani tun yana riƙe da allo, yanzu yana saro kwamfutoci na hannu daga Ikeja yana sayarwa. Sun yarda in kawo maganar nan, da sharaɗin kada in kama suna.

Dattijon ya saya wa 'yarsa laftof ne, ta samu gurbi a Jami'ar Abuja. Kowa ya san yadda abin ya zama yanzu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yaron da bai taɓa dafa madannai ba ya shiga uku tun kafin ya karanta tambaya. Sabuwa kuwa ta fi ƙarfin yawancinmu, sai ta hannu, wadda 'yan kasuwa ke kira Landan-yus ko tokumbo. Suka yi ciniki a kan N170,000. Matashin ya ce akwai gwajin kwana bakwai kyauta, in kuma aka ƙara N20,000 zai ba da garantin wata shida. Dattijon ya lissafa kuɗin makaranta da na ɗaki, ya ce a bar garantin, Allah Ya tsare. Kwana ashirin da ɗaya, fuskar kwamfuta ta ɗauke. Aka kai wa mai gyara, ya buɗe, ya ce ai wannan an taɓa gasa ta. Wato wani ɗan ƙwaƙwalwa da ke jikin babban allon cikinta ya taɓa saki, aka hura masa zafi ya kama. Masu gyara sun san irin wannan aiki: yakan riƙe mako biyu, ko wata biyu, sannan ciwon ya dawo.

Hujjar matashin ba ta banza ba ce, ku saurara. Ya ce, “Baba Liman, na ba shi kwana bakwai, sun wuce. Na yi masa tayin garanti, ya ƙi. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. In duk wanda kayansa ya lalace zai dawo mini da shi, to wanda ya biya dubu ashirin me ya saya?”

Wannan tambayar tasa ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Me ya saya?

Na ja yaron gefe, na ce, “Ɗana, tsakaninka da Allah, ka san an gasa ta?” Ya yi shiru. Can ya ce wanda ya saro a wurinsa yakan ware kaya gida biyu, waɗanda ba a taɓa buɗewa ba da waɗanda aka taɓa, kuma wannan daga kashi na biyu ta fito, da rangwame. To ka ji. Ya sani.

Mu da muka yi Risala a Islamiyya mun wuce ta babin ciniki, sai dai da yawanmu mun karanta shi kamar labarin wasu mutane ne can. Abin da Ibn Abi Zaid ya tattara a wurin bai tsaya ga hana ƙarya ba. Ya haɗa da ɓoye aibi, har ma da yin shiru a kan duk abin da in an faɗa mai saye zai ja baya ko ya rage kuɗi. Wanda kuma ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi da bai sani ba, yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar. Wannan haƙƙi ba ɗan kasuwa ne ya ba shi ba, balle ya sa masa farashi.

Akwai wani hukunci da ya zo a Buhari da Muslim wanda kullum nake tunawa idan na shiga kara. Annabi (SAW) ya hana a ƙi tatsar raƙuma ko tunkiya kwana da kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai nono ce. Wanda aka yi wa haka, bayan ya tatsa ya gane, yana iya mayar da dabbar ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya sha. A ruwayar Muslim an ba shi kwana uku. Ku duba da kyau: mai dabbar bai buɗe baki ya yi ƙarya ba. Hantsar ce ta yi masa ƙaryar. To kwamfutar da aka gasa don ta wuce kwana bakwai na gwaji, ko batirin da aka cika taf aka rage hasken fuska don ya kai awa ɗaya a gaban mai saye, ina bambancinsu da waccan tunkiya? Ni ban ga ba.

Saboda haka na ce wa yaron, a wannan cinikin dubu ashirin ɗin da ka nema kuɗin shirunka ne. Ka san ramin da ke hanya, ka ce wa mutum in ya biya za ka ciro shi idan ya faɗa. Da ya biya ma, haƙƙinsa ka sayar masa. Da bai biya ba, haƙƙin yana nan. Ko a dokar ƙasa, tun da aka sa hannu a dokar kare masu saye a farkon 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, rubuta “ba a mayar da kaya” a ƙasan rasit ba ya wanke mai shago daga kaya mai aibi. Amma mu bar hukuma, waye cikinmu zai bar rumfarsa ya je ya yi layi a ofishinta?

Wannan ɓangaren mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne: da a ce yaron bai sani ba fa?

Domin gaskiya kayan hannu yana da gaibu. Waɗannan HP da Dell da Lenovo, akasari ofisoshin Turai da Amurka ne suka yi aiki da su shekara uku ko huɗu suka sauya. A can, idan aka ce an sabunta kwamfuta, ana nufin an gwada ta, an canja abin da ya gaji, kamfanin ya tsaya mata na wani lokaci. A nan sau da yawa sabuntawar ita ce a goge ta da tsumma, a manna mata sabuwar leda a baya. Mai gaskiya ma a cikin 'yan kasuwar bai san ranar mutuwarta ba. To in ya ce, biya ni kaza in ɗauki hasarar abin da ni da kai duk ba mu sani ba, ya halatta?

A nan malamai suka yi magana, kuma ba bakinsu ɗaya ba. Matsalar ita ce abin da ake kira garar, mu kuma muke cewa cinikin biri a sama. Ka ba da dubu ashirin. In kwamfuta ba ta lalace ba, kuɗinka ya tafi ba ka karɓi komai ba. In ta lalace, ka ci aikin dubu sittin. Ɗayanku sai ya ci ɗaya, kuma ba wanda ya san wane ne. Irin wannan dalili ne ya sa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ƙi amincewa da inshorar kasuwanci ta yarda da ta taimakon juna, wadda yanzu ake kira takaful. Da yawa daga malaman zamani sun ce idan garantin ya zo cikin cinikin kansa, wato aka ce wannan kwamfuta N190,000 ce da alhakin wata shida a wuyan mai sayarwa, babu laifi, don abin da ya biyo kaya ana yafe masa abin da ba a yafe wa wanda ya tsaya shi kaɗai. Kana sayen gida ba ka tona harsashinsa ka gani ba, ciniki ya yi. Kana sayen akuya mai ciki, amma ba a sayar maka da ɗan cikin shi kaɗai. Sai dai in faɗi gaskiya, wannan misali na biyu bai kwantar mini da hankali duka ba, don malamanmu na Malikiyya sun ƙi a shardanta cikin domin a ƙara kuɗi. Wanda ya fi ni karatu ya warware mana a fitowa ta gaba.

Abin da ya ɗan natsar da ni shi ne, sanya wa'adi ga alhakin mai sayarwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Muwaɗɗa akwai babin uhda, a kan cinikin bayi na wancan zamani, wanda Allah Ya raba mu da shi. Mutanen Madina sun sa kwana uku ga kowane irin aibi, shekara guda kuma ga cututtuka uku da kan ɓuya su daɗe ba su bayyana ba. Hikimar nake so ku gani: aibin da ke saurin fitowa gajeren wa'adi ya ishe shi, mai ɓuya kuwa sai dogo. Kwana bakwai sun isa a gane madannin da ba ya aiki. Ba su isa a gane allon da aka gasa ba, kuma masu sa kwana bakwai ɗin sun san haka.

Fahimtata, ba fatawa ba: garanti yana da tsabta idan mai ba da shi ya fara zazzage duk abin da ya sani a gaban mai saye, sannan ya ɗauki alhakin abin da ya rage, a cikin farashi ɗaya, a rubuce, da bayanin abin da ya shiga da wanda bai shiga ba. Kuma ya kasance yana da hannun gyara ko kayan canji. Mu nan baƙi ne, wani daga Katsina, wani daga Zazzau, wani daga Sakkwato. A gida in mutum ya cuce ka, ka san zauren ubansa. A Abuja kuwa wanda ya rubuta maka wata shida yana iya zama mai tebur da lema ne, gobe a tashi wurin, lambarsa ta daina shiga. Ya ɗauki alkawarin da shi kansa bai san ko zai iya cikawa ba, ya kuma karɓi kuɗinsa.

Wani abu ma da ɗana ya nuna mini, ya ƙara mini tunani. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaron da ya saba, sai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba su cika sharuɗan Windows 11 ba. Ka ga na'ura lafiyarta lau, ba tsaga ba ƙuna, amma zamani ya juya mata baya. Wannan aibi ne? A jikinta dai babu. Amma mai sayarwa ya sani, mai katako bai sani ba, kuma da an faɗa masa da ya rage tayi. A ma'aunin Risala, faɗarsa ta zama dole. Haka batir: Windows da kanta tana iya fitar da rahoton ƙarfin da batir ya zo da shi da wanda ya rage masa, aikin minti ɗaya. Ku ce a buɗe muku shi kafin ku ƙirga kuɗi.

Kada masu saye su ji daɗi da yawa. Yaron ya ba ni labarin wanda shayi ya zube wa a kan madannai, ya shanya ta a rana, ya dawo yana rantsuwa haka kawai ta mutu. Da wanda ya jona ta a janareto mai hawa da sauka ta ƙone, ya ce ai garanti. Wanda ya yi haka shi ma ya ɗaure hantsa, ta ɗaya gefen. Irinsu ne suka koya wa 'yan kasuwa taurin kai.

Ni ma da nake wannan dogon bayani ba wankakke ba ne. Shekaru da suka wuce, damina ta taɓa mini siminti, buhu kamar goma suka fara ƙanƙara daga gefe. Na sa yara suka bubbuga su suka yi laushi, aka jera su a tsakiyar lodi. Mai ginin bai dawo ba. Ban san ko bai gane ba ne, ko ya gane ya bar ni da Allah. Ban san inda yake ba yanzu balle in nemi yafiya, sai dai na yi sadaka da kimar kuɗin da niyyarsa. Duk ranar da na karanta wa ɗalibai labarin da Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, buhunan nan nake gani. Shi ya sa ban ɗaga wa yaron murya ba.

Yadda muka rabu: ya karɓi kwamfutarsa, ya mayar da N170,000 a biya biyu, don ya riga ya juya kuɗin. Dattijon ya yafe kuɗin da ya ba mai gyara. Na roƙi yaron abu ɗaya, kada ya sake gasa ta ya miƙa wa wani a rufe. Ya sa aka gyara, ya manna takarda a murfinta cewa an taɓa aiki a allon ciki, ya karya farashin sosai. Mako uku ke nan. Duk wanda ya ɗauka ya karanta takardar sai ya ajiye, ya wuce shago na gaba inda babu takarda. Jiya ma bayan isha'i, yana sa takalmi, ya ce mini, “Baba Liman, har yanzu fa tana nan.”