Duniya Rawar 'Yan Mata: Tsufa, Juyin Zamani da Turken Imani

Daga cikin karin maganar da Hausawa suka yi a kan halin rayuwa, kaɗan ne suka kai "duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya" yawo a bakin mutane, saboda hoton da ke cikinta abu ne da kusan kowa ya taɓa gani da idonsa. A dandali, wato filin da 'yan mata ke taruwa da dare domin wasa, musamman idan akwai farin wata, masu rawa kan jeru, wadda ke gaba ta taka iya takawarta sannan ta juya ta koma ƙarshen layi, ta bayanta ta maye gurbinta, a haka har kowace ta sami rabonta. Ba a korar kowa daga wasan, ba a kuma barin wata ta dawwama a gaba don ta fi sauran iya rawa. Yawanci ana jefa wannan magana ne a matsayin habaici ga wanda mulki ko dukiya suka kuɓuce masa, sai dai wannan amfani ya taƙaita ta, domin wanda ya fi kowa sanin ma'anarta shi ne tsoho, wanda ya tsaya a kowane matsayi na layin kafin ya dawo inda ya faro.

Dattijon da aka haifa a birnin Kano a wajajen 1945 ya buɗe ido ne a ƙarƙashin mulkin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka tsara, lokacin da kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk suna hannun Sarki, dagaci da mai unguwa kuma su ne ke bin gida gida suna karɓar haraji. Kafin ya cika shekara talatin da biyar ya ga an sami 'yancin kai a 1960, ya ji labarin kisan Sardauna a watan Janairu na 1966, ya ga an yanka Jihar Arewa gida shida a 1967, ya ga soja sun karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakuna, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta soke haraji da jangali bayan hawanta a 1979. Dalar gyaɗa, wadda ita ce alamar arzikin Kano tun zamanin su Alhassan Ɗantata, ta ɓace a idonsa bayan farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, a daidai lokacin da kuɗin man fetur suka ɗauke hankalin gwamnati daga noma.

Inda komawa bayan ta fi ciwo kuwa shi ne a cikin gida. Mutumin da ya koyi lissafi da fam da sule da sisi da taro, ya sake koyon naira da kwabo a 1973, ya rayu har kwabo ya daina sayen ko ƙwayar ashana, shi ne a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, ya wayi gari da kuɗinsa a banki amma sai ya nemi jikansa ya yi masa tiransifa ta waya kafin a yi cefane. A tsarin da ya taso a ciki, sani yana gangarowa ne daga babba zuwa yaro, shi ya sa ake cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Yau ga shi wani ɓangare na sanin yau da gobe yana hawa daga ƙasa zuwa sama. Duk da haka, bai kamata a ɗauki kowane kukan "zamanin da" a matsayin shaida ba, domin zamanin da ake yabo da arha da kunya shi ne kuma na agana, wadda sai a 1980 aka tabbatar da kawar da ita daga duniya, da na talakan da ke barin garinsu don gudun haraji. Tsoho yakan haɗa kewar ƙuruciyarsa da kewar zamaninsa, alhali abubuwa biyu ne daban.

Akwai wani salo na wasan gaɗa da ke ƙara haske a nan, inda yarinya kan saki jiki ta faɗa da baya, ƙawayenta su cafe ta kafin ta kai ƙasa. A da, hannuwan da ke cafe tsoho su ne gandu, wato tsarin da uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, ta yadda idan ƙarfin maigida ya ƙare ikonsa da abincinsa ba su ƙare ba. Rabon gado da ya daddatsa gonaki, da cin rani da ya zama zaman dindindin, da aikin albashi a garuruwa masu nisa sun sassauta wannan tsari, har ta kai kulawar ɗa ga mahaifinsa takan tsaya ga aike da gaisuwa ta waya.

A nan ne ake gane amfanin turke, wato gungumen da ake kafawa a ɗaure dabba, wanda ke ba ta damar zagayawa iya tsawon igiyarta ba tare da ta ɓace ba. Ga dattijon Bahaushe Musulmi imani ne wannan turke, ko da yake kuskure ne a zaci harkar addini ita kaɗai ta tsira daga juyin zamani. Kakanninsa sun tafi hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan, tafiyar da kan ci shekaru, har wasunsu suka zauna a hanya, zuriyarsu na Sudan har yau, shi kuwa jirgi ya sauke shi a Jidda cikin 'yan sa'o'i. Ya ga tafsiri ya fita daga zaure ya shiga rediyo, ya ga an kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ya ga muhawarar da ta biyo baya tsakaninta da 'yan ɗariƙa ta raba masallatai, wani lokaci ma ta raba uba da ɗa. Abin da bai motsa ba ya fi waɗannan zurfi: alƙibla tana inda take, lokutan salla biyar suna bin tafiyar rana ba umarnin wata gwamnati ba, Fatihar da ya haddace a makarantar allo ita ce yake karantawa yana ɗan tamanin. Hatta abin da ke juyawa a cikin ibada yana juyawa ne bisa ƙa'ida sananniya, domin shekarar Hijira ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka azumi kan zagaya bazara da damina da hunturu ya dawo mafarinsa cikin kimanin shekara 33, dattijon kuma ya riga ya ga wannan zagaye sau biyu.

Wani abin lura shi ne addinin ya tanadi tsufa tun kafin ya zo. Alƙur'ani ya siffanta rayuwar ɗan Adam da rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura, wanda kusan shi ne tsarin rawar da karin maganar ta zana, fiƙihu kuma ya yi wa mai rauni rangwame, wato sauƙin da shari'a ke bayarwa saboda uzuri. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ruwa ke cutarwa ya yi taimama, tsohon da azumi ya gagara kuma ya sha, a mazhabar Malikiyya an so ya ciyar da mudu ɗaya a madadin kowace rana. Sahun masallaci ma ba ya bin dokar dandali, domin wanda ya riga zuwa shi ke tsayawa a gaba, kuma tun da barcin tsoho gajere ne, sau da yawa a sallar asuba shi ne ake tararwa a bayan liman, sandarsa na jingine da bango, tun matasan unguwa ba su fara alwala ba.