Kafin a Ƙara Murya

Da an gama girbi, masara ta shiga buhu kuɗi sun shiga aljihu, sai motocin kayan ɗaki su fara kai-kawo a hanyar Kano zuwa Zariya. Wasu su ratse Bebeji da Ƙiru, wasu su karya a Kwanar Ɗangora su nufi Tudun Wada, har su keta dajin Falgore su faɗa Doguwa. Gado, katifa, kujeru, sho-gilas, duk an ɗaure da igiya. A 'yan shekarun nan kuma da wuya ka rasa wani dogon kwali a saman kayan, an yi masa matashi da bargo don kada gargada ta taɓa shi. Hom tiyata ke nan: akwatin sauti da sifikunsa, wanda yanzu ya zama cikon kayan amarya.

Ranar jere, gwaggwanni da ƙannen uwa ne masu iko da ɗaki. Su za su ce ga inda gado zai zauna, ga inda kwalla da tangaran za su fuskanta. In aka zo kan kayan sauti, dokar ba ta canjawa: a sa su inda mai shigowa zai fara gani. Dogayen sifikun nan biyu a manne su da juna kusa da talabijin, a yafa musu ɗan leshi, a ɗora fulawar roba. Ƙaton akwatin da ke ba da amon ganga kuwa, tunda ba shi da kyan gani, a tura shi lungu bayan sho-gilas. Ban ga laifinsu ba. Aikinsu na 'yan ganin ɗaki ne, kuma a ranar gani ya kori ji.

Bayan biki ya watse ake gane abin da aka yi. Ango ya kunna, sai tangaran su kama rawa a cikin gilas, murafan kwano na kaɗawa, silin roba na zuga. Ana jin dukan kiɗa har a ƙirji, amma abin da mawaƙi ke faɗa sai an kasa kunne. Me za a yi? A ƙara murya. Aka ƙara, abin ya ƙara dagulewa. Sai a yanke hukunci cewa mai shago ya yi ha'inci, ko kuma a fara tara kuɗin sayen wanda ya fi wannan girma.

Sau da yawa akwatin ba shi da laifi, ɗakin ne. Duk wanda ya taɓa zama a zauren ƙasa a cikin tsohon garin Bebeji, garin da aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, ya san abin da nake nufi. Bango mai kauri na tubali, yaɓe mai kaushi, rufin azara da ƙasa a kai, tabarma ko buzu a shimfiɗe. Dattijo zai ajiye 'yar rediyonsa mai cin batir biyu a kan dakali, mutum takwas su ji labaran duniya tar, ba wanda zai ce a maimaita masa. Ɗauki rediyon nan ka kai ta sabon falo na bulo da filasta, tayil a ƙasa, tagar gilas ba labule, za ka rantse an sauya ta. Gwajin ba ya bukatar ko sisi. Ka tsaya a tsakiyar ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya. A zauren ƙasa tafin zai mutu nan take. A falon tayil za ka ji wata 'yar ƙara tana bin bayansa.

Dalili shi ne sauti na gudun kusan mita 340 a daƙiƙa guda. A ɗaki mai faɗin mita huɗu, zai iya ƙetarawa daga bango zuwa bango fiye da sau 80 kafin daƙiƙar ta cika. In bangon mai santsi ne da tauri, sai ya yi ta maido da shi, kalmar da aka faɗa ta dawo ta hau kan wadda ke biye da ita. Ƙarin murya ba ya raba su, domin da maganar da amsa-kuwwarta tare suke ƙaruwa.

Turawa ma sun daɗe suna gina ɗakunan taro bisa sa'a. A 1895 jami'ar Harvard da ke Amurka ta samu kanta da sabon ɗakin lacca wanda in malami ya furta kalma sai ta yi fiye da daƙiƙa biyar tana yawo, ɗalibai ba sa fahimtar komai. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, alhakin gyara. Abin da ya yi zai ba ka dariya. Da dare, in gari ya yi shiru, shi da mataimakansa sai su kwaso matasan kujeru daga wani ɗakin taro da ke kusa, su shimfiɗa, ya busa sauti ya riƙe agogo yana auna tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya ɓace, kafin safiya su mayar da kayan mutane. Da wannan jigila ya fitar da lissafin da aka yi amfani da shi wajen gina babban ɗakin kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900, kuma har gobe masu gini na aiki da shi. Wato maganin da ke hannun amarya ya fi na mai shago: kayan laushi masu shanye sauti irin matasan nan, su labule mai nauyi, kafet ko darduma a tsakiya, kujerun soso, katifa. Shi ya sa uwar ɗaka ta fi falo daɗin sauraro a yawancin gidaje, ba tare da masu gidan sun san dalili ba.

Sai batun inda za a ajiye sifikun. Ba don ado aka yi sifika biyu ba. Wani injiniyan Ingila, Alan Blumlein, shi ya yi rajistar dabarar a 1931 yana aiki da kamfanin EMI, kamfanin da daga baya ya buga fayafayan mawaƙan Hausa da dama. Hikimar ita ce kunne biyu gare mu, don haka a raba sauti gida biyu, wani ta dama wani ta hagu, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ji mawaƙi a tsakiya, 'yan amshi da makaɗa a gefe. In ka manne sifikun wuri guda ka zubar da rabin kuɗinka. A raba su, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa inda kake zama, a ɗan karkato fuskarsu su dube ka. Tsayinsu kuma ya zo daidai kunne. Nan ne takardar cikin kwali ba ta san mu ba, domin ta ɗauka kowa a kujera yake zama. Gidan da a kan darduma ake hira ana cin tuwo, sifikar da aka rataye can kusa da silin saman kawunan mutane take yi wa waƙa.

Akwatin amon ganga kuwa, a fito da shi daga lungu. Inda bango biyu da daɓe suka haɗu yana kumbura wannan amon har ya danne komai. Janye shi kamu ɗaya ko biyu daga bango, za ka ji muryar da ta ɓata ta dawo. Wani mai gyaran rediyo a Kwanar Ɗangora ya taɓa nuna mini wani abin da ya fi wannan sauƙi. An kawo masa kayan da aka ce sun lalace, ya juya bayansu ya duba, ya yi murmushi. "Alhaji, lafiyarsu ƙalau. Dubi nan, ja a ramin baƙi, baƙi a ramin ja. Wannan tana turawa, waccan tana ja, to yaya za a yi su daidaita?" Ya sauya wayar sifika guda, ya ce a ba yaron shago kuɗin shayi kawai. In aka juya wayar ɗaya daga cikin biyun, sautinsu kashe juna yake yi, kiɗan ya zama fayau, muryar ta rasa mazauni.

Lambobin da ake bugawa a jikin kwali ba su cancanci dogon bayani ba. Za ka ga an rubuta wat 5000 da manyan haruffa, ka juya baya inda aka rubuta wutar da akwatin ke sha ka tarar ba ta kai wat 100 ba. Na'ura ba ta fitar da abin da ya fi wanda ta sha. Mudu ne mai bugaggen gindi, a ido cike, a buhu babu. Wat 20 ko 30 na gaskiya a kowace sifika sun ishi falon gidan mutum har su yi yawa.

Abin da ya kamata mai saye ya tambayi kansa shi ne, me zan saurara? Mu mutanen magana ne. Tun shekarun 1940 da aka fara kafa lasifikoki a bangon ofisoshi da wuraren taruwar jama'a a birnin Kano, abin da ya tara mutane a gindinsu labari ne. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya fara a 1962, manomi ya rataya rediyo a reshen ɗorawa yana noma yana jiran a gaishe shi a Zaɓi Sonka. Da kaset ya zo, tafsirin azumi da ƙira'a da wa'azi suka shiga kowane gida. Waƙar ma haka take. Wanda ya sa Mamman Shata ba ƙugin kalangu kaɗai yake nema ba, so yake ya ji wa aka yaba, wa aka yi wa zambo, ya kuma ji inda kalangun ke maimaita maganar. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Duk waɗannan a tsakiyar sauti suke zaune, ba can ƙasa inda ake girgiza tagogi ba. Kayan da aka ƙera don harbe-harben finafinan Amurka ba lalle su yi wa Musa Ɗanƙwairo adalci ba. Saboda haka in za ka Sabon Gari sayen kaya, tafi da abin da ka saba ji a memorinka, ka ce wa yaron shago ya rage amon ganga, ya rage murya, sannan ka saurara. Za ka ga ransa bai so ba, domin da ƙara yake ciniki.

Abin luran da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne yadda hannunmu ke saurin kaiwa ga maɓallin murya. Ba a ji ba? Ƙara. Ba mu cika tsayawa mu tambayi me ya tare maganar ba. Haka maigida ke yi in yara ba su ji umarni ba, haka malamin firamare ke yi a ajin da rufin kwano ne kawai a kansa ga ruwan sama na sauka, haka mai wa'azin kasuwa da mai tallan magani ke yi har lasifika ta shaƙe ba a gane komai sai tsawa. Lokacin siyasa kuwa ba a magana, mota biyu su tsaya tsallaken juna kowacce na son danne 'yar'uwarta, jama'a su tashi ba su ji ko ɗaya ba. A duk wuraren nan an sami ƙara, ji ne ba a samu ba. Mai gyaran can bai taɓa maɓallin murya ba, bayan akwatin ya leƙa.

Akwai kuma haƙƙin wanda bai saya ba amma dole ya ji. Siririn sauti bango na tare shi, amma amon ganga ratsa bulo yake yi ya bi daɓe ya shiga ɗakin maƙwabci. Mai kiɗa yana jin waƙa, na bayan katanga dum-dum kaɗai ke isa gare shi, ba baiti ba amshi. A gidan yawa, inda ɗakin amarya ke jingine da na uwargida ko na tsohuwa mai fama da hawan jini, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma kunya ba za ta bari a yi magana ba sai abin ya zama gaba. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ka kunna yadda ka saba, ka fita tsakar gida ka rufo ƙofa, ka tsaya inda Inna ke shimfiɗa tabarmarta, a nan za ka san ainihin abin da kake yi wa mutane. Ɗora akwatin a kan soso ko ninkakkiyar darduma yana rage abin da ke bin ƙasa. Kunnen mai ɗakin ma yana da haƙƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ko kunnenka na ƙara bayan ka kashe, an wuce gona da iri.

Sauran aikin na kiwo ne. Ƙurar hunturu na shiga maɓalli, ka ji yana ƙarƙar in an murɗa, don haka yafa ƙyalle na da amfani, amma bayan an kashe, kada a toshe ramukan shan iska yana aiki. Zanzaro na son ramin nan da ke jikin akwatin amon ganga, ya yi gininsa na laka a ciki, ɓera kuma ya ci takardar sifika. Wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi ta fi komai kashe kaya, sai tsawar damina, shi ya sa zare waya daga soket ya fi kashe maɓalli. Masu sola da batir sun huta da ɗauke wutar nan, sun kuma huta da kukan janareta da ke sa a ƙara murya dole. Can wajen Riruwai, inda duwatsu ke tare tashoshin FM na Kano, ba girman sifika ke kawo tasha ba. Waya ce za a ɗaura a eriya, a ɗaga ta a kan doguwar gora, a yi ta juyawa wani na ciki yana cewa "ƙara kaɗan, ya isa, tsaya nan."