Bayani a kan haƙƙin tsohon da ba shi da komai sai tsufansa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya duk mai tsawon rai ya koma ga buƙatar hannun wani, kamar yadda ya buƙace shi ranar da aka haife shi.

Bayan haka, ya kai mai karatu, ka sani mu mutanen ƙasar Zamfara muna faɗin cewa muna girmama tsofaffi, har muna yi wa waɗansu al'ummai alfahari da wannan. Muna durƙusa wa dattijo, muna tuɓe takalmi kafin mu isa shimfiɗarsa, ba mu kama sunansa, sai baba, sai inna, sai kaka. To abin da wannan takarda ke so ka tsaya a kansa shi ne: idan mun durƙusa, me muke durƙusa wa? Furfurar ce, ko kuwa rumbun da ke bayan furfurar, da 'ya'ya maza da ke tsaye a ƙofar gida, da rawanin da ke bisa kai? Ba a iya sanin amsa sai an sami tsohon da aka raba da waɗannan abubuwa duka, sa'an nan a duba yadda mutane ke yi da shi. Shekarun nan kuwa sun tara mana irinsa da yawa a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum.

Fasali na farko, a kan inda girman tsoho ya dogara a dā

Ka sani a tsarin gandu mai gida shi ke riƙe da gona da rumbu. 'Ya'yansa maza, har masu aure, suna yi masa aikin gandu, sa'an nan kowa ya juya ga gayaunarsa. Shi ke fitar da hatsi, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa yaro aure. Tsohuwa kuma tana da nata mulki a cikin gida: ita ce ungozoma, ita ke wankan jego, ita ta san saiwar da ake jiƙa wa yaro, kuma tana da kaɗi da daddawa da 'yan awakinta. Saboda haka aka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Amma ka lura, girman nan yana tafe ne tare da amfani da iko. Yaro yana rusuna wa wanda ke riƙe da mabuɗin rumbu. Wannan ba aibi ba ne a kan kansa. Sai dai ya ɓoye mana wani abu tsawon zamani, domin muddin tsufa da mallaka suna hannu ɗaya, babu mai iya rarrabe wanne daga cikinsu ake girmamawa.

Fasali na biyu, a kan abin da ya raba tsufa da mallaka

Abu na farko zinariya ce. Da farashinta ya tashi a duniya, samari suka koma ramukan haƙa, kuɗi suka fara shiga hannun ɗa ba su bi ta hannun uba ba. Aka riƙa kawo duwatsun cikin gidaje ana daka su ana niƙawa inda yara ke rarrafe, alhali suna cike da dalma. A shekarar 2010 ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare da Sunke a ƙasar Anka. Yara fiye da 400 suka rasu. Bagega kuwa ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai 2013. Duniya ta yi kuka saboda yaran, kuma kukan yana bisa hanya. Amma akwai waɗanda ba a lissafa ba: kakan da ya binne jikokin da yake sa ran su ne za su ɗebo masa ruwa, da kakar da ta koma goyon yaron da guba ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ko ido, a shekarun da ita kanta take neman mai riƙe mata hannu.

Abu na biyu ɓarayin daji ne. Sun kore shanu, sun ɗora wa ƙauyuka kuɗi kafin a yi shuka da kuma kafin a yi girbi, sun ci gonaki da yawa ta hanyar kuɗin fansa. A farkon watan Janairu na 2022 suka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kwana uku a jere. Gwamnati ta ce mutum 58 suka mutu, mutanen yankin suka ce sun kai wajen 200. Ka yi tunani, ranar gudu wa ake bari baya? Wanda gwiwarsa ba ta miƙewa, da wadda ba ta jin ƙarar babur sai ya iso. Wanda kuma Allah ya sa ya kuɓuta ya isa garin Anka, ya tarar da kansa cikin 'yan gudun hijira, ba gona, ba rumbu, ba zauren da zai zauna a zo gaishe shi. Jiya mai gida ne, yau suna ne a takardar rabon hatsi, in ma an rubuta shi. Haka ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a watan Agusta na 2024: saurayi zai sake kwaɓa ƙasa ya yi gini, amma mai shekara tamanin da wane ƙarfi?

Fasali na uku, a kan nauyi bisa nauyi

Ka sani raini ba ya zuwa wa tsoho shi kaɗai, yana zuwa da 'yan rakiya, kuma kowane ɗaya yana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi.

Ka ɗauki tsohuwa. In mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya, rabonta tumunin takaba ne, in kuwa bai bar ɗa ba rubu'i ne, kuma in suna da kishiyoyi raba wannan za su yi tsakaninsu. Wannan kaɗan ɗin ma sau da yawa ba ya isa hannunta, domin a kan ce a bar gona a haɗe, sai ta wayi gari tana cin abinci bisa alfarma a gidan da ta share shekara arba'in tana daka. In tana da ɗa namiji mai hali, asirinta a rufe yake. In 'ya'yanta mata ne, sai ta zama baƙuwa a gidan suruki. In kuwa ba ta taɓa haihuwa ba, to mutanen da suka kira ta juya tana da ƙuruciya su ne za su fara raɗa a kanta da tsufa. Idan gigin tsufa ya kama ta, ta fita da dare ko ta yi magana ita kaɗai, sai wani ya ce mayya ce. Gigin nan kuwa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likitoci sun san shi. Attajirin da ya kamu da shi ana cewa jiki ne ya yi nauyi, a rufe ƙofa a kula da shi. Ciwo ɗaya ne, suna biyu, abin da ya bambanta su shi ne abin hannu.

Ka ɗauki tsohon Bafillace da ɓarayi suka kore wa garke. A daji an cuce shi, a gari ana yi masa kallon uban ɓarayi, har kasuwa ta zama wurin da yake tsoron shiga. Furfurarsa daidai take da ta limamin unguwa, amma ba ta saya masa ko inuwar da zai huta.

Ka ɗauki kuma wanda ya iya karatun allo da rubutun ajami amma bai yi boko ba. Taimakon zamani yana bi ta layin waya da asusun banki da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ana ce masa ya dangwala yatsa, yatsan kuwa fartanya ta shafe zanensa. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a jihar Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako domin yaƙi da ɓarayi, tsohon da ɗansa ke aiko masa da ɗan abu daga Kano ko Ikko ya zauna ba labari ba saƙo. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, tsohuwar da ajiyarta ke ƙulle a bakin zane ita ta fi kowa ruɗewa. Ba wanda ya yi nufin cutar da su, an dai yi tsarin ne ba a tuna da su ba, kuma mantuwa irin wannan ita ma zalunci ce.

To ka haɗa waɗannan a kan mutum ɗaya: mace, tsohuwa, marar ɗa, 'yar gudun hijira, mai yanar ido, marar waya. Ba ta iya tsayuwar layi, in ta aiki yaro a ce sai mai suna, in ta yi ƙara a ce rikicin tsufa ne. Kowace ƙofa da ta rufe tana hana ta isa ga ta gaba.

Fasali na huɗu, a kan abin da mai musu zai ce

In wani ya ce, raina tsofaffi halin Turawa ne masu kai iyayensu gidan ajiya, mu ba mu san shi ba, sai a ce masa: gaskiya ne wani likitan Amurka mai suna Robert Butler shi ya fara raɗa wa wannan hali suna a 1969, amma raɗa suna ba shi ne haihuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2021 cewa mutum ɗaya cikin kowane biyu a duniya yana ɗauke da wannan raini, kuma ba ta cire mu ba. Mu ba mu gina gidan ajiya ba, amma muna da ɗakin baya kusa da turken awaki, muna da ƙofar masallaci da bakin tasha.

In ya ce, abinci kaɗan ne, yaro ya fi cancanta domin shi ke da gobe, sai a ce masa: babu mai hankalin da zai hana a fara da jariri mai tamowa. Amma ka duba wa ke goye da jaririn in uwa ta mutu ko an sace ta. Wanda ya bar kaka da yunwa ya bar maraya da yunwa. Kuma in an auna mutum da yawan gobensa, to haƙƙin kowa yana raguwa kullum safiya, har da na mai wannan magana.

In ya ce, wannan aikin gwamnati ne, sai a ce masa: lalle tana da nata kaso. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, ta fara aiki a Abuja a 2021, amma tsakanin Abuja da ƙauyen Bukkuyum akwai tafiya. Fansho kuwa na wanda ya yi aikin albashi ne, manomi da makiyayi da mai dakau ba su cikin lissafi. Ka tuna kuma a jihar nan an taɓa yin dokar da ke ba tsohon gwamna naira miliyan 10 kowane wata, har majalisar dokoki ta soke ta a watan Nuwamba na 2019. Ashe an san yadda ake tanadi domin tsoho, in kalmar tana gaban sunan muƙami. Duk da haka gwamnati ba ita ke hana suruka kai tuwo ɗakin baya ba, ba ita ke koya wa yara jifan mai gigi ba.

Fasali na biyar, a kan abin da ya wajaba

Ka sani haƙƙin tsoho bai rataya ga amfaninsa ba. Masu kare tsofaffi sukan ce a girmama su domin su ne ma'ajiyar tarihi da hikima. Wannan hujja ce mai rauni, domin tana barin wanda ya manta sunan 'ya'yansa a waje. Wanda ba shi da sauran hikima ko dukiya mutum ne, kuma ya yi aikinsa tun kana cikin zane, ko ka gani ko ba ka gani ba.

Saboda haka, ya kai mai unguwa, idan ana rubuta sunayen mabuƙata, ka shiga gida-gida ka nemo wadda ba ta iya zuwa. Ya kai mai rabon hatsi, ka ware wa masu rauni wurin zama, ka karɓi shaidar maƙwabta a madadin yatsan da ya goge. Ya kai malami mai rabon gado, ka damƙa wa mai takaba rabonta a hannunta gaban shaidu. Ya kai mai fitar da zakka, da ku ma'aikatan hukumar zakka da waƙafi, ku sani mai bara a titi an gan shi, wanda kunya ta tsare a ɗaki shi ke buƙatar a neme shi. Ya kai uba, in ka ji ɗanka ya kira tsohuwa mayya, ka tsawata masa nan take. Ya kai saurayi mai kuɗin zinariya, kuɗin da ka aika bai ɗauke maka zama kusa da mahaifinka ka saurare shi ba, ko da labarin da zai ba ka ya ba ka shi jiya.

Alhasili, in kana so ka san gaskiyar ladabin gari, kada ka duba yadda ake faɗuwa gaban mai rawani, domin wannan ko tsoro ya isa ya sa a yi. Ka tambayi sunan tsohuwar da ba ta da kowa a unguwar, ka ga mutum nawa suka san abin da ta ci daren jiya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, domin kai ma kana roƙon tsawon rai, kuma ba ka da tabbacin za ka isa can da gonarka da 'ya'yanka da idanunka. Allah ya ba mu tausayin na gaba da mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu gama da mutunci. Tammat.