Wa Ke da Haƙƙin Cin Iri?

Hatsin manomi kashi biyu ne, na ci da na iri, kuma tun a gona ake raba su. A Moriki, idan an yi girbi, akan zaɓi zangarniyar geron da ta fi cika ido a ɗaure ta daban a ƙuryar rumbu. Wake kuwa sai a cakuɗa shi da toka a tulu, a liƙe baki saboda ƙwari. Komai tsananin bazara, ba a kai iri turmi. Tambayar da ke damuna ita ce: idan yunwa ta kai maƙura, wa ya fi cancantar wannan damin, yaron da ke kuka yau ko daminar da ba ta zo ba?

An taɓa amsa ta da rayuka. Daga 1941 zuwa 1944 sojojin Jamus sun yi wa birnin Leningrad ƙawanya. A cibiyar da masani Nikolai Vavilov ya tara irin shuke-shuken duniya, wasu ma'aikata sun mutu da yunwa a tsakiyar shinkafa da gyaɗar da suke tsaro, ba su ci ba. Ina jinjina musu, amma ba zan mayar da abin da suka yi wajibi a kan kowa ba. Su kansu suka hana. Magidancin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Zurmi ko Shinkafi, 'ya'yansa zai hana. In ya daka irinsa bai yi laifi ba. Laifin yana wuyan al'ummar da ta ɗora wa mutum guda, mai jin yunwa, amanar da ta fi ƙarfinsa.

Amana ce kuwa, domin dawar kaura da farafara da waken kanannado ba a rana ɗaya aka same su ba. Hannuwa da yawa ne suka yi ta zaɓe, har iri ya saba da ƙasarmu da ƙarancin ruwanta, ya ba da ƙwaya ga mutum, kara da harawa ga dabba, dabba ta mayar da taki. Ƙauyen da aka ƙone rumbunsa, ba abincin shekara kaɗai ya rasa ba.

Wannan ne hujjar bankin iri. Cibiyar IITA da ke Ibadan tana ajiye nau'in wake sama da 15,000, ICRISAT kuma tana ajiye gero a Sadore, kusa da Yamai. A tsibirin Svalbard na ƙasar Norway an buɗe babban rumbu a 2008, cikin dutse mai ƙanƙara. Da yaƙin Siriya ya tarwatsa aikin cibiyar ICARDA a Aleppo, daga can aka ɗauko kwafin irinta a 2015, aka sake shukawa a Labanan da Maroko.

Sai dai irin da ke cikin sanyi ya tsaya inda aka bar shi, alhali damina na ta sauyawa. Na gona ne ke tafiya tare da ita. Kuma tsakanin Ibadan da gonar Moriki akwai takardu da Turanci da nisan hanya. Abin da kakanninmu suka bayar kyauta bai kamata jikokinsu su riƙa hangensa daga nesa ba.

Don haka na fi karkata ga rumbun iri na gari, wanda manoma ke riƙe da mabuɗinsa. Wanda ya rasa iri ya ari tiya a farkon damina, ya mayar da tiya a kaka ba tare da ƙari ba, don kada taimako ya rikiɗe riba. Kuɗin gyara da gadi ya fito daga wakafi, tunda Zamfara na da hukumar zakka da wakafi. Kowane nau'i kuma a raba shi uku: ɗaya a Moriki, ɗaya a Ƙauran Namoda, ɗaya a Gusau, kuma kowace shekara a fitar da wani kaso a shuka.