Butulci Ko Sakayya? Talaka da Jam'iyyarsa ta Gado

Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. Tambayar wannan maƙala ita ce: idan talaka ya juya wa jam'iyyar da aka kafa dominsa baya, shi ne ya ci amana, ko kuwa tasa aka fara ci?

Mu ɗauki misalin Bolsover, wata mazaɓar mahaƙa kwal a Ingila. Tun 1970 Dennis Skinner na jam'iyyar Leba, wanda shi kansa tsohon mahaƙi ne, yake wakiltarta. A zaɓen 2019 jama'arsa suka kayar da shi, suka zaɓi 'yan mazan jiya, wato jam'iyyar da gwamnatinta ta karya yajin aikin mahaƙa na 1984 zuwa 1985. A wannan zaɓe Leba ta sha kayen da ba ta taɓa shan irinsa ba tun 1935.

Ga alama butulci ne, amma a duba da kyau. Ramin kwal ba wurin neman abinci ba ne kawai. Shi ya haifi ƙungiyar ƙwadago, wadda ta ba lebura murya da mutunci. Da aka rufe ramin Shirebrook a yankin a 1993, sito aka gina a gurbinsa, inda aiki ba shi da tabbas. Ita kuwa jam'iyyar, sannu a hankali ta koma hannun 'yan boko na manyan birane, tana tuna mutanen nan ranar zaɓe kaɗai. Alhali zumunci a ƙafa yake. A 2016 suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, sai ga Leba a 2019 tana neman a sake ƙuri'ar. Abin da suka fahimta shi ne ba a ɗauki maganarsu da daraja ba.

Nan mai kirarin kishin ƙasa yake samun shiga. Yana zuwa har ƙofar gida, ya saurara, sannan ya nuna baƙo ya ce ga mai laifi. Sai dai ba baƙo ne ya rufe ramin ba, korarsa kuma ba za ta buɗe shi ba. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago.

Saboda haka laifin ya rabu, amma ba daidai ba. Talaka yana da alhakin wanda ya ɗora wa fushinsa bisa zalunci. Kaso mafi girma kuwa yana wuyan jam'iyyar da ta ɗauki ƙuri'a tamkar gadon da ba ya ƙarewa. Leba ta karɓo Bolsover a 2024, amma ƙuri'ar da ta taɓa tafiya ta riga ta san hanya.