Makiyayin da Bai Raina Ƙaramin Aiki Ba

Karatu: I Sama'ila 17:12-40, 30:9-25, II Sama'ila 11:1-5

Sa'ad da mu ke karanta labarin Dauda, hankalinmu ya kan yi gaggawa zuwa wurin Goliyat da majajjawa. Amma ya kamata mu fara duba abin da ya kai saurayin nan kwarin Ila. Ba yaƙi ya fita ba, aikensa aka yi. Ubansa Yesse ya ba shi soyayyen hatsi da gurasa 10 domin 'yan'uwansa 3 da ke cikin rundunar Saul, da cuku 10 domin shugabansu. An rigaya an shafe Dauda da mai a gaban 'yan'uwan nan, duk da haka bai ce ya fi ƙarfin aike ba.

Mu lura da yadda ya tafi. Ya tashi da sassafe. Bai saki tumaki su watse ba, sai da ya danƙa su ga mai tsaro. Da ya isa sansani kuwa, ya ba mai ajiya kayan kafin ya sheƙa zuwa bakin daga. Wansa Eliyab ya tambaye shi da fushi wa ya bar wa tumakin, bai sani ba yaron ya gama da wannan tun asuba.

A gaban Saul ma, Dauda ba shi da shaida sai ta kiwo. Zaki ko beyar ya kan ɗauki ɗan rago, shi kuwa ya kan bi shi ya ƙwato. Wa ya gan shi a jejin nan? Ba kowa, sai Allah. A can ya koyi dogara ga Ubangiji, a can kuma hannunsa ya saba da majajjawa. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba a kan gane ta.

Halin nan ya bi shi cikin shugabanci. Lokacin da ya fafari Amalekawan da suka ƙone Ziklag, mutum 200 suka gaji, suka tsaya wurin kaya a rafin Besor, 400 suka ci gaba. Da aka komo da ganima, waɗansu suka so a hana waɗanda suka tsaya. Dauda ya ƙi, ya sa rabon mai tsaron kaya ya zama daidai da na mayaƙi, wannan kuwa ya zama doka cikin Isra'ila. Wanda ya taɓa ɗaukar kaya ya san darajar mai tsaronsa.

Amma akwai gargaɗi. A lokacin da sarakuna su kan fita yaƙi, Dauda ya aiki Yowab, shi ya zauna a Urushalima. Zama a gida ba babban abu ba ne, yawo bisa soro da maraice ma haka. Daga nan ne fa ya duba, ya yi tambaya, ya aika aka kawo Bat-sheba, ƙarshensa jinin Uriya da baƙin ciki cikin gidansa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ubangijinmu Yesu ya koya mana cikin Luka 16:10 cewa aminci cikin ƙanƙanen abu da aminci cikin babba tushensu ɗaya ne. 'Yan'uwa, da yawa cikinmu muna marmarin matsayi cikin ekklesiya ko wurin aiki. To, sai mu tambayi kanmu: ma'aji ya kan rubuta baiko duka, har na gwauruwa? Malami ya kan shirya darasi ko da yara 4 kaɗai za su zo? Akawu ya kan cika aikinsa ran da babba ba ya nan? Dattijon da za a zaɓa gobe, a waɗannan wurare a ke yinsa yau.

Tambayoyi
1. Me Dauda ya yi da tumaki da kaya kafin ya ga Goliyat?
2. Don me ya raba ganima daidai a Besor?
3. Wane aiki ne aka danƙa mana wanda mu ke rainawa?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu aminci inda ba mai ganinmu sai kai, cikin sunan Yesu. Amin.