IDAN KATAFILA TA ZO, SUNAN WA KE CIKIN TAKARDA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ciyar da bawanSa a garinsu da kuma inda ya je ci-rani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, ina yi mana wasiyya da tsoron Allah a masallaci da kuma a bakin rumfa. Maganar wannan Juma'a a kan kasuwa take, domin kusan duk wanda ya cika sahu a masallacin nan daga kasuwa ya taso, kuma can zai koma da an sallame. Ita kanta Suratul Jumu'a haka ta tsara mana ranar: a bar ciniki idan an kira sallah, idan an idar a bazu a nemi falalar Allah.

Wanda ya kwana biyu a garin nan na Ikko ya san kasuwa ba ta daɗewa a inda aka san ta. Kasuwar Tejuosho da ke Yaba ta ƙone a watan Disamba na 2007. Aka share wurin, aka tayar da bene mai hawa-hawa, aka buɗe shi a 2014. Gini kam ya yi kyau, ba a cewa komai. Sai dai da aka faɗi kuɗin shago, miliyoyin naira, da yawa daga cikin waɗanda gobarar ta cinye wa dukiya suka ga ba su da wurin zama a ciki, suka koma baje kaya a bakin layin dogo. A watan Janairu na 2016 katafila ta kwantar da kasuwar Owonifari a Oshodi, yau babbar tashar motoci ce a yankin, wadda aka buɗe a 2019. A watan Maris na 2016 ɗin, bayan rikicin da ya ci rayuka, aka rufe Mile 12 na ɗan lokaci, aka yi shelar za a mayar da ita Imota, can bayan Ikorodu. Shekaru suka yi ta wucewa, tirelolin tumatir da albasa suna ta sauke kaya a inda suka saba, amma maganar ba ta mutu ba. 'Yan gwanjon Katangowa su ma an ce musu wurinsu ne za a kai kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Ikeja. Alaba Rago kuwa ba sai na ba ku labari ba. An ba da notis a 2022, daga baya katafila ta shiga, kuma a cikin masu karanta wannan takarda akwai waɗanda rumfunansu suka tafi.

Akwai kuma canjin da ba ya zuwa da katafila. Tun da aka buɗe babban kantin zamani na Lekki a 2005, na Ikeja ya biyo baya a 2011, wasu masu sayayya suka daina ratsa taɓo don su zo teburinka. Yanzu ma matar gida daga ɗakinta take latsa waya a kawo mata cefane. Wannan bai tayar mini da hankali sosai ba, don kuwa tumatir ɗin nan da ake jerawa cikin sanyi daga Kadawa ya fito, albasar daga Aliero, kuma ta hannunku suka biyo. Su ma masu manyan kantunan ba su dawwama ba: kamfanin Afirka ta Kudu mai Shoprite ya sayar da kasonsa na Najeriya a 2021.

To, mene ne hukuncin shugaba ya tayar da mutane don ya gyara gari? Malamai ba su hana ba, idan maslahar ta jama'a ce ta gaskiya. Gadar Pen Cinema da ke Agege da jirgin ƙasan da ke tashi daga Agbado zuwa Oyingbo, mu ma muna amfana da su, kuma ba a yi su ba sai da wasu suka matsa. Amma ku dubi yadda magabata suka yi. Da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya isa Madina, filin da raƙumarsa ta durƙusa na wasu marayu biyu ne daga Banu Najjar, Sahlu da Suhailu. Yaran suka ce sun ba shi kyauta. Ya ƙi karɓa sai da ya saya. Masallaci fa za a gina, ba kanti ba. Sayyidina Umar kuma, da ya tashi faɗaɗa masallacin, ya nemi gidan Sayyidina Abbas, Abbas ya ce bai yarda ba. Sarkin Musulmi guda bai aika a rushe ba. Suka tafi gaban Ubayyu ɗan Ka'abu ya yi musu hukunci, kuma sai da haƙƙin Abbas ya tabbata sannan ya bayar da gidan sadaka don kansa. Saboda haka duk hukumar da ta rushe wa talaka wurin neman abinci babu isasshen wa'adi, babu diyya, babu inda zai koma, ta yi zalunci, ko da abin da ta gina a wurin ya fi hasken rana kyau. Wannan za mu faɗe shi a ko'ina, cikin ladabi, ta hanyar sarakunanmu da lauyoyi da kotu. Ba da jifa ba, ba da ƙone-ƙone ba. Mun ga abin da rikici ya jawo mana a 2016.

Amma jama'a, gwamna ba ya karanta takardar masallacinmu. Ku kuke karantawa. Don haka bari in zo kan namu.

A dokar filaye ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna, yana da ikon karɓe wuri saboda amfanin jama'a, diyyar da ake biya kuma ta gini ce da abin da aka kashe a kan filin. Ke nan wanda ba shi da shaidar cewa yana da wani abu a wurin, a idon hukuma babu shi. Shi ya sa duk lokacin da za a tayar da kasuwa, abin da ake fara cewa shi ne: shugabannin kasuwa su kawo sunayen mutanensu. Da wannan takarda ake raba sababbin rumfuna, da ita ake biyan ɗan abin da za a biya. Kuma ba Bayarabe ne yake rubuta ta a sashenmu ba, ba Iyaloja ba ce, ba kwamishina ba ne. Mu ne.

Kun san abin da ke faruwa, ni ma na sani. Mutum yana da rumfa biyu, sai a ga sunansa sau shida: ɗaya da sunan ɗansa da ke makarantar allo a gida, ɗaya da sunan ƙanen matarsa da bai taɓa ƙetare gadar Jebba ba. Tsohon da ya shekara 25 yana sayar da goro a kan tebur ɗaya, ba ya nan ranar da aka zauna, ya tafi ganin gida, sai ya dawo ya tarar an rufe rajista. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata rumfa, tana takaba, wa zai tsaya mata? Mai shayi, mai baro, ɗan dako, mai wankin takalmi, yaron shago da ya yi wa maigidansa bauta shekara bakwai yana jiran a sallame shi, duk waɗannan a kasuwar suke ci, amma ba wanda ya tuna da su, saboda ba su da kujera a wurin taro. Daga nan sai rumfunan da aka samu da sunan ƙarya su koma hannun dillalai, a sayar wa mai kuɗi daga waje, ko a ba wa shi tsohon mai goron haya a kan wurin da tun asali nasa ne. Subhanallah!

Ka sani, ɗan'uwana, sa sunan da ba shi da haƙƙi a cikin takardar nan shaidar zur ce. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, yana lissafa manyan zunubai yana kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru saboda tausaya masa. Ya kuma ba mu labari cewa wanda ya ƙwace ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Taƙi ɗaya fa. To ina ga rumfa mai ƙafa goma? Kada wani ya ce ai gwamnati na cuta, ba Musulmi ba. Rumfunan ƙidayayyu ne. Duk wadda ka ƙara wa kanka, daga hannun wani ta fita, kuma galibi wanda ya fi ka rauni.

Ku kuma iyayenmu shugabannin kasuwa, Allah Ya ƙara muku lafiya, mun san wahalar da kuke sha, zirga-zirga Alausa, kwana a ofishin 'yan sanda don belin yaranmu. Ba mu raina ba. Amma akwai wani abu da 'yan kwangilar gini suke yi: su ware shaguna biyu ko uku masu fuskantar titi su ce wannan na shugaba ne, tukuici. Ku tuna Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka ba shi. Manzon Allah ya hau mumbari a kan maganar, ya tambaya me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta zo. Ɗan kwangila ba don yana ƙaunarka ya ba ka shago ba. Bakinka ya saya, don ranar da za a faɗi farashin da talakawanka ba za su iya ba, ka sunkuyar da kai. Idan an ba ka, ka kawo shi gaban jama'a, a sa shi cikin rabo.

Wani abin kuma, mu rage ba da ƙofa. Kusan duk sanarwar rufe kasuwa da ƙazanta take farawa, da toshe magudanar ruwa, da cin titi. A watan Oktoba na 2023 an garƙame Mile 12 na 'yan kwanaki a kan maganar shara, kayan gwari na mutane suka yi ta ruɓewa. Wani lokaci fakewa ake yi da guzuma a harbi karsana, gaskiya ne. To amma wa ya ɗaure guzumar a bakin hanya? Addinin da ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, ya ce hanya tana da haƙƙi a kan mai zama a gefenta, bai kamata a ce mabiyansa ne suke zuba ruɓaɓɓen tattasai a kwata ba. Tebur a kan hanyar masu tafiya a ƙasa ba naka ba ne, ko ka shekara nawa kana biyan 'yan tasha kuɗin wuri.

Sai maganar rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka da kafa shaidu. Mu kuwa sai mutum ya sayi rumfa ta miliyan uku da musafaha da fatiha, in ka ce a rubuta ya ce kana zarginsa. Ba zargi ba ne, umarnin Allah ne, kuma mutuwa ba ta sallama. Wanda ya sayar maka zai rasu, 'ya'yansa su zo ba su san ka ba. Mai fili zai ce haya kake, kai ka ce saye ka yi. Duk rasit ɗin da ƙaramar hukuma ta taɓa ba ka, ka adana, ka ɗauke shi hoto a waya, ka tura wa wani amintacce a gida, saboda gobara da katafila ba sa tsayawa ka kwashe takardu. Masu rumfa, ku rubuta wa 'yan hayarku. Iyayen gida, ku rubuta wa yaranku shekarun da suka yi da abin da kuka yi musu alkawari. Kuma idan aka zo rabon sabon wuri, ɗan'uwanka ya riga ya daidaita da mai shago, haramun ne ka zagaya ta baya ka ƙara kuɗi a kore shi. Hanin yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa bai tsaya a kan buhun masara ba.

Waɗanda aka riga aka rushe wa, suna nan a cikinmu, wasu a barandar masallacin nan suke kwana. Muna yawan kawo ƙissar Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ya iso Madina hannu wofi, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Muna yabon zuciyarsa, kuma ya cancanta. Amma mu lura, an nuna masa ɗin, kuma da ya je ya sami inda zai tsaya da ɗan cukunsa da man shanunsa. Kai da rumfarka take tsaye, gefen teburinka zai ɗauki tiren mutum ɗaya. Kai dila, kwando biyar bashi zuwa sati ba zai karya ka ba. Mai fitar da zakka, ɗan kasuwar da jarinsa ya nutse bashi ya hau kansa yana cikin kashi takwas ɗin da Suratut Tauba ta ambata, ba sai ka aika da ita duka gida ba. Manzon Allah ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa albarkacin masu rauni ake taimakonmu ake arzurta mu.

Kwamitin masallaci ya buɗe littafi saboda wannan. Daga ranar Lahadi, bayan sallar La'asar, duk mai neman abinci a kasuwannin da ke kewaye da mu ya zo a rubuta sunansa da wurin da yake da shekarun da ya yi, ko rumfa gare shi, ko tebur, ko baro, tare da shaidu biyu da suka san shi. Ba a biyan ko sisi. Mata za su sami 'yan'uwa mata a ɓangarensu. Wanda ya tafi gida, maƙwabcin rumfarsa ya tsaya masa. Za a karanta sunayen a bainar jama'a Juma'a uku a jere kafin a rufe, domin mai gyara ya yi gyara. Mai tsohon rasit ya zo da shi, ko ya yage.

Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya zaunar da garin nan da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.